Haɗa kayan ɗakin Auta: inda aka kwana

Asabar 5 ga Oktoba 2024

To an sa ranar auren ƙanwata Auta. Jiya bayan la'asar baffannin yaron suka zo wurin Kawu da goro da alewa da kuɗin sa rana, aka tsayar da Juma'a 21 ga Fabrairu, wai a yi a gama kafin azumi tunda ana sa ran azumin zai kama farkon Maris. Mu mata muna cikin gida ana ta guɗa, Umma tana murmushi amma ni na san lissafi take a ranta, don tun rasuwar Baba duk abin da ya taso a gidan nan kanta yake faɗowa, sai ni sai Yaya, shi kuma albashinsa kowa ya san inda yake tsayawa.

Da daddare muka zauna mu uku muka yanke magana ɗaya, ba za a ci bashi ba a kan auren nan. Nawa auren har na haihu Umma ba ta gama biyan mai kujeru ba, ba na son a maimaita. Abin da muke da shi dai adashin Umma ne da za ta kwasa farkon Disamba, da tumaki da rago da Inna take kiwata mana a ƙauye, da abin da nake samu a ɗinki, sai abin da Yaya zai riƙa cirewa duk wata. Gudummawar dangi na ce kar ma a sa ta a lissafi, in ta zo Alhamdulillah.

Sai Umma ta ce a jawo abin da ke ƙarƙashin gadonta. Wallahi ni da nake shiga ɗakin kullum ban san an tara haka ba, kuloli, saitin tukwane, farantan tangaran, filas, bargo, zannuwan gado, har da turmi da taɓarya a bayan ƙyaure, tun Auta tana ƙaramar sakandare take saye ɗaya-ɗaya. Wani kwalin da farashinsa a rubuce da biro, muka duba muka kwashe da dariya, kuɗin yau ko murfin kular ba zai saya ba. Da a banki ta zuba kuɗin nan da yanzu naira ta cinye su tas. Tsofaffin nan ba su yi boko ba amma sun san kaya ake ajiyewa ba takarda ba.

Asabar 19 ga Oktoba

Mun je ganin gidan da ango ya kama a Dorayi, nan cikin Kano, ciki biyu da falo da kicin. Gida mai kyau ba laifi, akwai rijiya a tsakar gida. Amma ina shiga na ga ɗaki na biyun nan gabana ya faɗi, don a garin nan namiji in ya kama gida to ya gama nasa, cikawa ta iyayen yarinya ce, in ɗaki uku ya kama ku cika uku. Babu wanda yake tambayarku kafin ya kama ɗin kuma.

Na ce ɗaki ɗaya za mu yi da falo da kicin, ɗayan a shimfiɗa leda a sa labule shikenan. Gwaggo ta ce Allah ya kiyaye, 'yar ɗan'uwanta ba za a kai ta gida da ɗaki wayam ba dangin miji su shigo suna taɓe baki. Na ce Gwaggo to ke za ki cika? Ta ce ba ni da kunya. Umma ta harare ni na yi shiru, amma dai maganar tana nan yadda na faɗa.

Mun auna ɗakin da falon da tef kafin mu je wajen kafinta, saboda na sha ganin ranar jere an kawo sif ya ƙi shiga ƙofa ana ta ɓalle shi a waje. Shagunan kayan ɗaki na titin Zoo mun leƙa don cin ido kawai, farashin da aka faɗa mana ko tayi ban yi ba. Kafintan unguwarmu za mu ba, Yaya zai bi shi 'Yan Katako na Na'ibawa a sayi katakon a gabansa. Gado da sif mai ƙofa huɗu da madubi da durowar gefe, sai kujeru. Ya karɓi adibas, ya ce sati biyar. Kuɗin adaidaita kaɗai yau ya ba ni haushi, litar fetur ta haura dubu ɗaya a watan nan, man da kafin 29 ga Mayun 2023 bai kai ɗari biyu ba a farashin gwamnati, kuma komai a kansa yake hawa, daga katako har allura.

Asabar 2 ga Nuwamba

Babu abin da ya motsa. Tun wajen 21 ga Oktoba Arewa take cikin duhu, an ce an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir da ake lallaɓawa da shi shi ma ya faɗi, sai ƙarshen wata aka fara ganin ta tana leƙowa. Kafinta ya ce injin yanka da na goge katako duk wuta suke ci, in a janareta za a yi sai mun ƙara masa kuɗin mai. Ban ga laifinsa ba don ni ma keken ƙafa na koma, ɗinkin da nake gamawa a wuni ya koma sai an kwana. Mun ce ya jira wutar, akwai sauran lokaci.

Lahadi 17 ga Nuwamba

An yi gwaji. Tun watan Mayun bana da gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, ba a ɗaura aure a Kano sai da takardar gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere da jinotayif. Yaya ne ya raka su. Komai lafiya, ita AS ce shi AA, Alhamdulillah.

Amma daren da muke jiran sakamakon ban yi barci ba, saboda mun san Auta AS ce tun tuni, shi kuma bai taɓa gwadawa ba. Da ya fito AS fa? An sa rana, an ci goro, kafinta ya karɓi kuɗi, duk dangi sun sani. In AS ya auri AS duk cikin da aka samu akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, kuma wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro mai ciwon nan yana murƙususu ya san ba abin da za a ce a yi tawakkali a rufe ido ba ne. A lungunmu akwai wadda aka fasa nata saura sati biyu, har yau ba ta dawo daidai ba. Dokar ta yi, lokacin da muke yin gwajin ne bai yi ba. Tun ranar da yaro ya ce zai turo magabatansa ya kamata a ce je ka kawo takarda, kafin zuciya ta yi nisa, kafin kuɗi ya shiga tsakani. Na faɗa wa Kawu haka, ya ce ai da kunya ka tari mutum da maganar asibiti tun bai gaishe ka ba. Kunyar ce dai take kai mu inda take kai mu.

Asabar 7 ga Disamba

Umma ta kwashi adashi, Inna ta sayar da ragon da tunkiya ɗaya ta aiko da kuɗin. Sati guda kenan muna zarya, Sabon Gari don kayan kicin, Ƙofar Wambai don robobi da bokitai da baho. An sayi gas ƙarami da risho saboda ranar da gas ya ƙare, blanda, tukunyar tuwo babba, cokula, wuƙaƙe, rariya, madambaci. Firji na ce a bari tukuna, da wace wutar? Auta ta turo baki, na ce in mun ga rara a ƙarshe.

Akwai wata magana da take cina tun kwanaki. Duk lokacin biki sai samari sun cika Facebook da cewa kayan ɗaki bidi'a ce, iyaye suna wahalar da kansu a banza, a kai yarinya da kayan jikinta kawai miji ya yi komai. Da daɗin ji. Na tambayi Kawu tunda shi ya yi karatun zaure har Muhtasar, babban littafin fiƙihu, ya ce wurin zama da ci da sha da sutura a kan miji suke babu ja, amma a mazhabarmu ta Malikiyya in mace ta karɓi sadakinta kafin ta tare to da shi take yin kayan ɗaki gwargwadon al'adar garin, abin da ya wuce haka kyautatawar iyaye ce. Ya ce mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, wanda da tsadar zinaren yanzu ya haura dubu ɗari. Na Auta dubu 200 aka yanka. Katifar da muka taya jiya kaɗai ta kusa lashe shi.

To ni dai ra'ayina, masu cewa a daina kwata-kwata ba su taɓa zama mace a gidan wani ba. Kayan ɗaki na yarinya ne, ba na miji ba, ba na uwar miji ba. Shi ne abu na farko da yawancinmu muke mallaka a duniya da sunanmu. Zamanin su Umma tasoshi ne da kwalla da langa da fanteka ake jerawa har rufin ɗaki, mu muna yara muna ganin kamar ado ne kawai, ashe banki ne. Lokacin da Baba ya kwanta ciwonsa na farko ina firamare, tasoshin nan Umma ta riƙa ba dillaliya ɗai-ɗai ana sayen magani da hatsi, babu wanda ya ji babu wanda ya gani, Baba kansa sai da ya warke ya lura kabad ta yi sauƙi. Kuma kowa ya san yadda saki yake a garin nan, ranar da abin ya faru, Allah ya kiyaye, mota ake kawowa a kwashe kayanta, da su za ta fara sabuwar rayuwa ko ta sayar ta ja jari. Wadda aka kai da kayan jikinta da kayan jikinta za ta fito. Saboda haka ni ba na jin ciwon kuɗin gado da tukunya da keken ɗinkin da na sa a lissafi ban faɗa wa kowa ba tukuna. Wanda nake jin ciwo shi ne kuɗin da za a ƙone a wuni ɗaya don idon mutane, kuma shi ne wanda in ka ce a rage ake cewa ka zubar da mutuncin gida.

Lahadi 22 ga Disamba

An kawo lefe jiya. Akwati huɗu da kit, atamfofi, leshi, shadda, mayafai, takalma da jakunkuna, kayan shafa, ba laifi wallahi yaron ya yi ƙoƙari a wannan marrar. Mun yi musu cincin da dubulan da lemo, an ba da tukwici. Ƙannen babansa mutanen kirki ne, ba su zo da fi'ili ba.

Namu ne suka ba ni kunya. Ana fita da baƙi aka zazzage akwatunan a tsakar ɗaki ana ƙirga turmi ana duba gefen atamfa a ga ko Holan ce ko ta Chana, wata 'yar Gwaggo har ta ɗauki bidiyo za ta sa a sitatus, na karɓe wayar na goge. Wata ta ce ai na 'yar maƙotanmu akwati takwas ne. Na ce ita 'yar maƙotan namu ina take yanzu? Aka yi tsit, don kowa ya san tana gidansu tun kafin shekara. Umma ta ce bakina zai ja min, wataƙila, amma Auta tana zaune a gefe tana jin ana auna mijinta da turmin zane, ya kuke so ta kalle shi gobe?

Anko kuma an fitar, na je Kantin Kwari na zaɓo mai sauƙin kuɗi da gangan, kala ɗaya tal ta dangi da ƙawaye duka. Wadda ta ga za ta iya ta saya, wadda ba ta iya ba ta sa abin da take da shi ta zo. Na san wadda ta ƙi zuwa bikin ƙanwar mijinta saboda ba ta da kuɗin anko, har yau ana riƙe da ita.

Asabar 11 ga Janairu 2025

Rigima da Auta. Ƙawayenta sun zuga ta sai an yi dina a hol, da mai kwalliya da mai hoto da emsi da dije, wai ango zai kawo rabi mu kawo rabi. Na ɗauko littafin lissafi na buɗe mata, na ce duba, rabin nan da kike faɗa shi ne kujerunki, zaɓi ɗaya. Ta yi kuka sosai, ta ce ita kaɗai ce a cikin ƙawayenta za a yi wa bikin 'yan ƙauye, sau ɗaya ake yi a rayuwa. Tausayinta ya kama ni don shekararta 21, duk abin da take gani a waya kenan dare da rana, amarya ta shigo ana watsa mata kuɗi ana hayaƙi a ƙasa. Ba a nuna mata washegari da ake zama da mai hol ana ciniki a kan ragowar kuɗi.

Yaya ya kawo misalin auren gata da gwamnati ta yi a Oktoban 2023, ma'aurata 1,800 a rana ɗaya, sadaki dubu 50 da gado da katifa, ya ce su ba aure aka ɗaura musu ba? Na ce Yaya wannan misalin ba zai shige ta ba, ƙara tunzura ta zai yi, haka kuwa aka yi. Umma ce ta kashe wutar, ta kira ta ɗaki su biyu, ban san me ta faɗa mata ba. Da suka fito an tsaya a kan kamu a gida ranar Laraba, sa lalle Alhamis, ɗaurin aure Juma'a bayan an sauko, walima da wuni Asabar a kai amarya da daddare. Na yi mata alkawarin mai kwalliya da mai hoto ranar kamu daga aljihuna, kuma ni zan ɗinka mata duk kayan fitar biki. Ta ɗan saki fuska, ba duka ba.

Lahadi 26 ga Janairu

Kafinta ya gama, sati biyar ɗinsa sun zama wata uku amma aikin ya yi kyau, Yaya ya hau gadon ya yi tsalle a kai don gwaji. Sif ɗin ƙofa ɗaya ba ta rufuwa daidai, ya ce zai gyara ranar jere, na riƙe masa dubu 20 sai ya gyara ɗin. An biya katifa, labule ni na ɗinka, kafet ɗin falo Kawu ya ɗauka. Gudummawa ta fara shigowa, wata ƙawar Umma da rabon da mu gan ta tun rasuwar Baba ta aiko da saitin kuloli, wai Umma ta yi mata haka a bikin 'yarta shekarun baya. Umma ta sa na rubuta sunan kowa da abin da ya kawo, ta ce wannan ba kyauta ba ce, biki ne, rana tana zuwa da za a mayar. Sai na tsaya ina tunanin to mu da muka ce ba za mu ci bashi ba, wannan shafin da nake cikawa mene ne? Bambancinsa dai babu mai zuwa ya tsaya maka a ƙofar gida.

Saura gara, kuma nan ne ba mu daidaita ba. Gwaggo ta kawo jerinta, buhun shinkafa biyu, buhun fulawa, sukari, katan ɗin taliya da makaroni, jarkar man gyaɗa da ta manja, ga alkaki da nakiya da dubulan. Na ce Gwaggo shinkafa buhu ɗaya yanzu ta fi mafi ƙarancin albashi, dubu 71 da Kano ta sa, mu kai biyu? Wanda ya auri mace shi zai ciyar da ita, ba mu za mu ba shi 'ya mu bi shi da abincin wata shida ba, rabin garar ma dangin miji ake rabawa. Gwaggo ta ce gara ita ce mutuncin yarinya, wadda aka kai babu gara gori za ta sha har ta tsufa. Abin haushin ba ƙarya ta yi ba, na san gidajen da ake yin gorin.

Asabar 8 ga Fabrairu

Saura kwana 13. Mai gyaran jiki ta fara zuwa, dilka da halawa, gidan duk ƙamshin turaren wuta, Auta an hana ta fita rana. Humra da turarukan wata 'yar Maiduguri a unguwarmu ta haɗa mana da sauƙi. Na gama ɗinkinta kala huɗu saura biyu, na mutane kuma na daina karɓa sai bayan biki.

Gara an tsaya a tsakiya, shinkafa buhu ɗaya, taliya katan biyu, mai jarka ɗaya, kayan zaƙin kuma Gwaggo ta ce ita za ta yi alkaki da nakiya da hannunta tunda mun zama marowata, na ce mun gode Allah ya ƙara girma. Yaya zai shiga kasuwar Singa sayen kayan garar ranar Litinin. Keken ɗinkin na karɓo shi jiya, ba sabo ba ne amma kansa lafiyayye, yana gidana a rufe sai ranar jere za a gan shi. Firji babu, rarar ba ta samu ba, ɗaki na biyu leda da labule kamar yadda aka ce, Gwaggo har yanzu ba ta haƙura ba tana cewa ko katifa ce a jefa a ciki.

Abin da ke hannuna yanzu dubu 140 da 'yan kai. A ciki za a biya motar kwasar kaya zuwa Dorayi, da hayar rumfa da kujerun roba na wuni, da itace da naman abincin walima, da cikon kafinta. Lissafin bai kai ba, da giɓin kamar dubu 60, tunkiya ɗaya ta rage a wurin Inna kuma tana da ciki, Umma ta ce ba za a taɓa ta ba. Jere ranar Talata 18 ga wata, na ce mutum shida kawai za su je, Gwaggo ta riga ta gayyaci goma sha ɗaya.